Masu jirgin kansu suna biyan rabonsu na kuɗin kula da sararin sama kuwa?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna wata rigima da aka daɗe ana yi a nan Amurka, tunda a gidan nan muna da matuƙa da ɗalibai da ma waɗanda suka yi aikin hasumiyar ba jirage hanya. Hukumar FAA ita ke kula da sararin samaniyar ƙasar, rada da hasumiya da ma'aikatan da ke ba jirage hanya galibi nata ne, kuma mafi yawan kuɗinta daga wani asusu yake fitowa da aka kafa tun 1970. To wa ke cika asusun? mu fasinjoji. Duk tikitin cikin gida da ka saya akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kai, sannan ga wani wajen dala 5 a kan kowane tashi da sauka. Shi kuwa mai jirgin kansa ba ya sayen tikiti, abin da yake biya kawai harajin mai ne, santi 21.9 a galan in jet ne, santi 19.4 in ƙaramin jirgi ne mai shan fetur ɗin jirgi. A 2023 wata cibiya mai suna Institute for Policy Studies ta fitar da rahoto tace jet-jet na masu kuɗi su ne kusan ɗaya cikin kowane jirgi shida da FAA ke ba hanya amma kashi 2 cikin ɗari kacal suke zubawa a asusun. Ni dai a ganina wannan ba adalci bane, talaka mai zama a kujerar baya shi ke ɗauke wa attajiri nauyi. Me kuka gani?

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam yaya. Ni kam tun daga kan maganar zan fara ja da kai, saboda kalmar "masu jirgin kansu" ta haɗa mutane biyu da ba su da alaƙa. Ni ina da lasisin tuƙi na ƙashin kai, Cessna 172 nake haya in tashi, kujera huɗu ce, yawancinsu ma sun girme ni a shekaru. Wlh mutanen da nake haɗuwa da su a filin da nake tashi malaman makaranta ne da makanikai da tsofaffi 'yan fansho, wasu mutum huɗu ko biyar ne suka haɗa kuɗi suka sayi jirgi ɗaya. Filin namu ko hasumiya babu, kai ne zaka ɗauki rediyo ka sanar da sauran matuƙa ga ni nan zan sauka, ba ma'aikacin gwamnati ko ɗaya da ya yi maka aiki. In gari garau yake zan iya tashi in yi awa biyu in dawo ban yi magana da kowa ba. To kuɗin me kuma zan biya bayan na mai?

Baban Amira:
Nawa harajin man naka yake kamawa a awa ɗaya?

Ɗan Zariya:
Tana shan kamar galan 8 a awa, kaga dala ɗaya da rabi da ɗan wani abu kenan. Na san zaka ce kaɗan ne. Amma abin da nake amfani da shi ma kaɗan ne.

Maman Khalifa:
Ƙanina tsaya, titin da kake sauka a kai fa wa ya shimfiɗa shi? Fitilun gefensa, na'urar da ke karanto maka iska da gajimare, taswirar da kake dubawa, duk ba daga sama suka faɗo ba. Amurka na da filayen jirgi na jama'a wajen 5,000, waɗanda jiragen fasinja ke zuwa kamar 500 ne kawai, kuma da yawa daga cikin ƙananan gwamnatin tarayya na basu tallafi har dala 150,000 a shekara na gyaran titi da makamantansu, daga wannan asusun dai da mai tikiti ke cikawa. Wato matar da ta tashi daga Atlanta zuwa Houston ganin jikokinta ta sa hannu a kwaltar filinku kuma har ta mutu ba zata taka shi ba. Ban ce a kore ku ba, amma kar kace ba a yi maka komai.

Ɗan Zariya:
Anti ban musa ba, ana yi mana. Amma waɗannan ƙananan filayen ba don nishaɗinmu kaɗai suke ba, nan jirgin ɗaukar marasa lafiya ke sauka, nan masu feshin gona da masu kashe gobarar daji ke shan mai, a Alaska akwai ƙauyukan da ko titin mota babu sai jirgi ke kai musu abinci da wasiƙa. Sannan wanda ke tuƙa ita matar da kika ce daga Atlanta a ina ya koya? A irin filinmu. Bayan haɗarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a 2009 aka yi dokar sai kana da awa 1,500 kafin ka zauna gaban jirgin fasinja, kuma yawancin yara a ƙaramin jirgi suke tara awannin nan suna koyar da wasu. In kika tsawwala wa ƙaramin jirgi kuɗi kin tsawwala wa makarantar matuƙa ne gaba ɗaya, kuma dama can kuɗin koyon ya fi ƙarfin ɗan talaka.

Baba Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Yarana na karanta duk abin da kuka rubuta, bari in sa baki tunda a kan wannan aikin na tsufa, duk da ni a gida Najeriya na yi shi ba a Amurka ba, amma aikin iri ɗaya ne ko ina.

Wanda ke zaune gaban rada ba fasinja yake ƙirgawa ba. Ɗigo yake gani a allo da lamba da tsayi da gudu. Ɗigon nan ko mutum 300 ne a ciki ko mutum uku, tazarar da zan bashi da na gabansa ɗaya ce, maganar da zan yi da shi ɗaya ce, in na yi kuskure a kansa ma hukuncina ɗaya ne. To jet na attajiri yana shigar da takardar tafiya kamar kowane jirgin fasinja, yana hawa can sama inda doka ta tilasta sai da izinin mai ba da hanya, tun daga kunna inji har kashewa yana hannunmu ana miƙa shi daga wannan ma'aikaci zuwa wancan. Wani lokacin ma ya fi wahala, don jirgin fasinja mun san jadawalinsa tun watanni, shi kuwa wannan sai mai gida ya ga dama, kuma ranar da ake wani babban taro ko ɗaurin aure sai su taso maka a tare.

Amma yaron nan Ɗan Zariya gaskiyarsa ne a nasa ɓangaren. Mai ƙaramin jirgi da ke yawo ƙasa-ƙasa da rana yana kallon hanya da idonsa, sau da yawa ko sanin ya tashi ba ma yi. Mai keke da mai tirela titi ɗaya suke bi amma kowa ya san wanda ke fasa kwalta. Kuskuren da ake yi shine a zuba su a buhu ɗaya, kuma masu jet ɗin sun fi kowa son a zuba su tare, don duk sanda aka taso da maganar sai a turo malamin makaranta mai Cessna gaba ya yi kuka a madadinsu.

Maman Khalifa:
Allah ya ƙara lafiya Baba, ka taɓo inda nake so. Ku duba abin da ya faru lokacin Obama. Gwamnatinsa ta kawo shawarar a riƙa karɓar dala 100 a kan kowane tashi, kuma a cikin shawarar an cire ƙananan jirage masu injin fistin irin na ƙanina, an cire jiragen asibiti da na soja. Duk da haka ƙungiyar AOPA ta ƙananan matuƙa ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da NBAA ta masu jiragen kamfanoni suka yaƙe ta har ta mutu a majalisa. Dala 100 fa, ga mutumin da jirginsa ya haura dala miliyan 60.

Ɗan Zariya:
Anti dalilin shine ba wanda ya yarda a nan za a tsaya. Da zarar an kafa ofishin da zai riƙa rubuta wa jirgi takardar biya a kan kowane tashi, shekara biyu uku za a ce ai ku ma ku shigo. Kuma abin da yafi damuna ba aljihuna bane, rai ne. Yanzu in na ga yanayi ya fara canzawa ina kiran mai rada kyauta ince ka sa min ido, ya gaya min akwai jirgi a damana ko hadari a gabana. Ranar da aka ce duk kira da kuɗinsa wlh akwai wanda zai yi shiru ya kutsa cikin gajimare don kar a caje shi, kuma ba shi kaɗai zai mutu ba, zai iya haɗuwa da jirgin da ke ɗauke da ku. Harajin mai kuwa ba ruwansa da wannan, ka sha mai ka biya a famfo an gama, wanda ya fi tashi ya fi biya, ba sai an ɗauki ma'aikatan karɓar kuɗi ba.

Baba Mai Ritaya:
Wannan maganar ta rai ku riƙe ta da kyau. Ba abin da ma'aikacin rada ya tsana kamar ɗigon da ba ya magana.

Baban Amira:
Na yarda da batun tsaron rai. Amma bari in kawo lissafi a kan jet ɗin don a ga girman ramin, misali ne nawa kowa zai iya bugawa a wayarsa. Boeing 737 daga New York zuwa Los Angeles, a ce fasinja 160, kowa tikitin dala 300. Kashi 7.5 ya kama dala 22 da rabi, ka ƙara dala 5, ka ninka sau 160, dala 4,400 kenan, banda ɗan harajin mai na santi 4.4 a galan da kamfanin ke biya. Babban jet ɗin Gulfstream a wannan hanyar dai, yana shan galan 400 zuwa 500 a awa, tafiyar kamar awa 5, harajinsa bai wuce wajen dala 500 ba. Ma'aikata ɗaya suka bi da su, rada ɗaya. Kuma abin haushin, namu kaso ne na farashi, tikiti ya tashi haraji ya tashi, ita ma dala 5 ɗin ana ɗaga ta duk shekara daidai da tsadar rayuwa, nasu kuwa santi ne a galan da ke nan daram tun shekarun 1990.

Injiniya Toronto:
Don adalci sai a faɗi hujjar su ma masu jet ɗin. Suna cewa duk wannan tsarin mai tsada saboda kamfanonin fasinja aka gina shi, su ne ke tara ɗaruruwan jirage a Atlanta da Chicago a awa ɗaya, ko da an hana jet tashi gobe ba hasumiyar da za a rufe a manyan filayen, don haka bai kamata a raba kuɗin kai da kai ba, sai dai a duba abin da zuwansu ya ƙara. Suna kuma cewa su can sama da ƙafa 40,000 suke bi, sama da cunkoson. Sannan jet ɗin da aka yi shatarsa shima yana biyan kashi 7.5 ɗin, wanda mai shi ke hawa da kansa ne kawai ke tsira da harajin mai.

Baba Mai Ritaya:
Injiniya kafin ya kai ƙafa 40,000 ta ina ya bi? Kuma ta ina zai sauko? Filin Teterboro da suke sauka a New Jersey yana nan maƙale da Newark da LaGuardia, sararin nan kuwa yana cikin mafi cunkoso a duniya. Duk jet ɗin da zai shiga sai an buɗa masa hanya a tsakanin jiragen fasinja. Hujjar tasu tana da ƙamshin gaskiya a ƙauye, a New York ba ta da shi.

Injiniya Toronto:
Haka ne Baba. Ni dama abin da nake so in kawo shine yadda muke yi a nan Kanada, don a ga cewa ba dole sai ɗayan biyu ba, harajin mai ko kuɗin kowane tashi. Tun 1996 aka cire aikin daga hannun gwamnati aka ba Nav Canada, kamfani ne da ba na neman riba ba, yana cajin manyan jirage gwargwadon nauyi da nisan tafiya, ƙananan kuwa ɗan kuɗin shekara suke biya dunƙule, ka biya sau ɗaya ka kira rada iya son ranka. Kaga tsoron Ɗan Zariya na kowane kira da kuɗinsa bai taso ba. A Turai ma hukumar Eurocontrol ke tattara kuɗin hanya, nisa da nauyi ake dubawa, amma ba kai tsaye ba, jirgin da ya ninka wani nauyi sau huɗu ninki biyu kawai yake biya, kuma wanda bai kai tan 2 ba an yafe masa kuɗin hanyar.

Ɗan Zariya:
Injiniya amma ka tambayi duk wanda ya koyi tuƙi a Turai, kusan duk sauka sai ka biya filin, ɗalibi kuwa sauka yake ta maimaitawa, shi yasa Turawan da kansu suke tahowa Florida da Arizona koyo. Irin na Kanada kuma an gwada kawo shi nan a 2017, Trump ya goyi baya, ɗan majalisa Bill Shuster ya kai ƙudirin, muka ƙi saboda mun ga manyan kamfanonin fasinja ne za su fi ƙarfi a hukumar gudanarwar, kuma ranar da suka riƙe sararin sama mu ne farkon waɗanda za a ce ku matsa. A farkon 2018 aka janye shi.

Maman Khalifa:
To shikenan an ƙi na Obama an ƙi na Trump, ku kuka ce harajin mai ya fi. Sai gwamnatin Biden a 2024 ta ce toh a bi ta harajin man, a ɗaga na jet daga santi 21.9 zuwa dala 1.06 a hankali cikin shekara biyar, ba a taɓa fetur ɗin ƙananan jirage ba ko kaɗan. Shima bai wuce ba. A watan Mayun shekarar aka sa hannu a sabuwar dokar FAA ta shekara biyar, harajin na nan yadda yake. To ni tambayata in kuɗin kowane tashi bai yi ba, harajin mai ma bai yi ba, wanne ne zai yi? Ga ƙarancin ma'aikatan rada da ake ta kuka da shi, ga na'urori sun tsufa, har a 2025 majalisa ta ware dala biliyan 12.5 don sabunta su daga baitulmali, wato har wanda bai taɓa shiga jirgi ba ya biya. Kuma a dokar ta 2025 dai aka dawo wa kamfanoni da damar cire kuɗin sayen jirgi gaba ɗaya daga ribar da za a yi wa haraji a shekarar farko. Abin yana min ciwo gsky.

Ɗan Zariya:
Anti a kan wannan ni ina tare da ke ɗari bisa ɗari. A ɗaga na jet. Ni ko namu aka ce za a ƙara wasu santi a ɗaure shi da tsadar rayuwa zan biya ban yi ƙorafi ba, in dai a famfo ne. Abin da bana so shine takardar biya a kan magana da hasumiya.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da muhawara. Mu a Nijar ASECNA ke riƙe da sararin sama, ita da ƙasashen Afirka da yawa masu Faransanci suka haɗu a ciki tun 1959, makarantarta ta EAMAC ma a Yamai take. Kuɗin hanya take karɓa a kan jirgin da ya ratsa, galibi manyan jiragen da ke wucewa tsakanin Turai da kudancin Afirka su ke riƙe da ita. Irin su Ɗan Zariya masu tashi don sha'awa ai da wuya ka gansu a wajenmu, don haka rigimar bata taso ba. Amma ina son Baba ya faɗa mana a Najeriya yaya abin yake, don jet kam muna ganin hotunansu a Abuja da Kano duk ranar biki.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana namu ya ɗan bambanta amma ciwon ɗaya ne. Akwai kashi 5 cikin ɗari da ake cira a kan tikiti da kuɗin kaya da kuɗin shata, NCAA, hukumar da ke sa ido kan harkar jiragen sama, ke karɓa ta raba da NAMA mai kula da sararin sama, da NiMet masu hasashen yanayi, da kwalejin koyon aikin jirgi ta Zariya, da hukumar binciken haɗurra. Ita NAMA tana da nata cajin na hanya da na sauka da take yi wa jirage kai tsaye, wannan mai jet ma yana biya. Inda ɓarakar take shine mutum ya karɓi izinin jirgin hawan kansa, wanda doka ta hana shi ɗaukar kowa da kuɗi, sai ya juya yana ba da shi haya a ɓoye. Kashi 5 ɗin bai biya ba, ƙa'idojin binciken lafiyar jirgi da horon matuƙa da ake ɗora wa masu lasisin shata bai bi ba, kuma ya karya wa masu gaskiya kasuwa. A 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu a kan haka, ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya kafa kwamiti na musamman a kan shatar ɓoye, kwastam ma sun sha kiran masu jet su kawo takardun fito don da yawa rajistar ƙasar waje suke ɗauke da ita alhali a nan suke kwana.

Baban Amira:
Baba to in mutum ya hau irin wannan jirgin aka yi haɗari fa?

Baba Mai Ritaya:
Nan ne babbar matsalar. Inshorar jirgin hawan kai ba ta shata bace, kamfanin inshora na iya cewa an saɓa sharaɗi ya ƙi biya, iyalan mamaci su shiga kotu da kotu. Kuma mu a hasumiya ba mu da hanyar sanin wanda ke ciki baƙon mai gida ne ko wanda ya biya, abin da aka rubuta a takardar tafiya shi muke gani mu ba da hanya. Sai dai jami'an NCAA su tsaya a bakin jirgi su tambayi fasinja, shi kuma an riga an gaya masa abin da zai ce. Duk wanda zai yi shata a cikinku ko ogansa zai yi, ya nemi a nuna masa lasisin ɗaukar fasinja na kamfanin, ya kuma duba lambar da ke jikin wutsiyar jirgin tana cikin jiragen da aka rubuta a lasisin.

Maman Khalifa:
Baba lambar wutsiyar ita ce mai farawa da 5N ko?

Baba Mai Ritaya:
Ita ce 'yata, 5N rajistar Najeriya, 5U ta Nijar, in kika ga N kaɗai a gaba ta Amurka ce.